HUKUNCIN NOMA DA CIN IRIN GMO: AMSA GA DATTIJON DA YA SO SARE MASARARSA



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa Ya fitar mana da abinci daga ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar La'asar, wani dattijo daga cikin mutanen sahun farko a masallacinmu nan Tudun Wada ya zauna har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce: "Allah gafarta Malam, wata magana ce ta hana ni barci." Na ce: "Baba, Allah Ya sa lafiya." Ya ce ɗansa ne ya sayo irin masarar nan da ake kira TELA, suka shuka a rabin gonarsu ta hanyar Doguwa. Masara ta yi kore shar, ta kai ƙugu. Sai ga wata murya an turo a WhatsApp, mai maganar yana rantsuwa cewa wannan iri da naman alade aka haɗa shi, wanda ya ci ba zai ƙara haihuwa ba, gonar da aka shuka shi kuma ta mutu ke nan har abada, kuma noma shi canza halittar Allah ne. Ya ce: "Malam, na sa buhun taki huɗu a wurin nan, biyu bashi ne. Amma in haram ne, gobe da safe zan sa yara su sare. Ba zan ciyar da jikokina haram ba, ba kuma zan fitar da zakka daga haram ba."

Wallahi maganar ta taɓa ni. Mutum ya yarda ya yi asarar daminarsa saboda tsoron Allah. Irin wannan bai kamata a amsa masa da kai ba. Na roƙe shi ya ba ni kwana uku, na koma littattafai, na tuntuɓi waɗanda suka karanci aikin gona. Abin da na gaya masa shi ne zan rubuta a nan, domin na san daga Bebeji zuwa Kiru har Doguwa akwai masu wannan tambayar da yawa.

NA FARKO: MENE NE ABIN SHI KANSA?

Malaman usulu suna da ƙa'ida: ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. To mu fara da wannan.

Kowace halitta mai rai, shuka ko dabba, Allah Ya sanya mata wasu ƙwayoyin gado a jikinta. Su ne suke sa ɗa ya ɗebo kamannin ubansa, su ne suke sa wata masara fara wata ja. Tun fil azal manomi yana aiki da wannan ko bai san sunansa ba: ya ware goyon da ya fi kyau ya rataye don iri, makiyayi ya zaɓi bijimin da zai bar wa garke. Mangwaro mai aure haka ne. Kazar Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Shika ta samar, da shanun da ake haɗa Bunaji da na Turai don madara, duk zaɓe ne da barbara. Waɗannan ba GMO ba ne, kada a cuɗa su.

GMO shi ne a ɗauko ƙwayar gado guda daga wata halitta a ɗakin bincike, a dasa ta cikin shuka don ta sami wata sifa. A masarar TELA da waken SAMPEA 20-T, abin da ke kashe tsutsa an ɗauko shi ne daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa, ana ce mata Bt a taƙaice. Tana fitar da wani sinadari wanda idan tsutsa ta ci yake lalata mata hanji. An daɗe ana yin maganin feshi da ita tun kafin a zo batun GMO. Ke nan babu alade a cikin maganar waɗannan iri biyu.

Kuma ba daga wata duniya aka sauko da su ba. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, aka yi aikin gwada su da fitar da su ga manoma. Waken, Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ne ya jagoranci aikinsa, aka amince da shi a Disambar 2019, aka ƙaddamar da shi a Kano a 2021. An yi shi ne saboda tsutsar Maruka da ke cinye fure da kwanson wake, wadda take sa manomi ya yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Da wannan irin, feshi biyu ake so a yi. Masarar kuwa iri huɗu ce, SAMMAZ 72T zuwa 75T, an amince da su a Janairun 2024, saboda tsutsar da ke huda kara, da baƙuwar tsutsar nan da ta shigo Najeriya a 2016 wadda kowane manomin masara a yankin nan ya san ɓarnarta. Hukumar NBMA, wadda aka kafa da doka a 2015, ita ke ba da izini.

Amana ce in faɗi ɗaya ɓangaren ma: ita ƙwayar gadon mallakar kamfanin Monsanto ce, wanda Bayer na Jamus ya saye a 2018. An ba da ita ta hannun ƙungiyar AATF mai ofis a Nairobi ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba, kuma Gidauniyar Gates da gwamnatin Amurka suna cikin waɗanda suka ba da kuɗin aikin masarar. Wannan gaskiya ne, zan dawo kansa.

NA BIYU: SHIN CANZA HALITTAR ALLAH NE?

Masu haramtawa suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Allah Ya ba da labarin alwashin Shaiɗan cewa zai umarci mutane su riƙa tsaga kunnuwan dabbobi, su kuma canza halittar Allah. Aya ce mai ban tsoro, dole mu tsaya a kanta.

Tsaga kunnen da ake nufi al'adar mushirikan Larabawa ce: su yi wa dabba alama su ce ta gumaka ce, su haramta wa kansu abin da Allah Ya halatta. Game da canza halitta kuwa, magabata sun yi tafsiri iri-iri. Wasu suka ce addinin Allah da fiɗirar da Ya halicci mutane a kai ake nufi, kuma wannan Imamu Ɗabari ya rinjayar. Wasu suka ce dandaƙa dabbobi ne, wasu suka ce zanen jiki ne. Duk da haka malamai da yawa, har da malamanmu na Malikiyya, sun halatta dandaƙar dabbar da ake ci don namanta ya yi kyau, kuma an ruwaito Manzon Allah (S.A.W) ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Shi ya sa ba mu saba jin an ce wa mai kiwon taure ya yi haram ba. Abin da malamai suka fahimta shi ne: canjin da aka hana shi ne wanda aka yi don shirka, ko wasa, ko yaudara, ko azabtar da halitta ba da wani amfani ba.

Sannan ga hadisin dabino a Sahihu Muslim. Annabi (S.A.W) ya wuce mutanen Madina suna ɗebo garin namijin dabino suna sa wa macen, sai ya nuna ba ya zaton hakan na da amfani. Suka bari, dabino ya lalace a shekarar. Da aka gaya masa, sai ya nuna musu cewa su suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Darasin a fili yake: dabarar noma ta masu sanin noma ce. Shari'a tana shigowa ne ta tsare halal da haram, ta hana cuta da zalunci.

Asalin abubuwan amfani halal ne, domin Allah Ya gaya mana a Suratul Baƙara aya ta 29 cewa abin da ke ƙasa gaba ɗaya dominmu Ya halitta shi. Mai cewa haram shi zai kawo dalili. Kuma a Suratun Nahli aya ta 116 Allah Ya yi kashedi a kan mutum ya buɗe baki ya ce wannan halal wancan haram ba da ilimi ba. Haramta halal ba tsentseni ba ne 'yan'uwa, laifi ne kamar halatta haram.

NA UKU: ME MANYAN MALAMAI SUKA CE?

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Bayan labarin tunkiyar Dolly da aka kwafo a Birtaniya, Majma'ul Fiƙhi na ƙungiyar ƙasashen Musulmi ya zauna a Jidda a 1997. Ya haramta kwafar ɗan Adam, amma ya halatta amfani da wannan ilimi a kan ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi cikin iyakar Shari'a, a inda zai jawo maslaha ya kawar da ɓarna. A watan Rajab 1419, daidai da ƙarshen Oktoban 1998, Majma'ul Fiƙhi na Rabiɗa ya zauna a Makka ya fitar da matsaya irin wannan: ya halatta a noma da kiwo, da sharaɗin a ɗauki duk matakin hana cutar da mutum ko dabba ko muhalli, ko da cutar sai nan gaba za ta bayyana. Ya kuma yi kira ga kamfanoni su bayyana wa mutane abin da ke cikin kayansu.

Ku lura da kyau: halacci ne mai sharaɗi. Babu cuta, babu ɓoye-ɓoye. Da za a ɗauko ƙwayar gado daga alade a sa cikin abinci, to wannan mas'ala ce daban, malamai sun yi saɓani a kanta, kuma ni ina tare da masu cewa a nisance ta. Haka dabba: duk canjin da zai sa ta rayu cikin azaba don kawai ta yi nama da wuri, Shari'ar da ta ce a wasa wuƙa don a hutar da abin yanka ba za ta yarda da shi ba.

Batun cuta kuwa na likitoci ne da masana abinci, Allah Ya ce a tambayi masu sani. An fara noman irin waɗannan shuke-shuke da yawa a Amurka tun 1996. Mutanen Afirka ta Kudu, waɗanda tuwon masara ne abincinsu kamar mu, sun haura shekara ashirin suna cin masarar Bt, kuma ba su daina haihuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda suke kasuwa sun tsallake gwajin lafiya, amma kowane sabon iri sai an gwada shi shi kaɗai. Wannan shi ne adalci: ba a yi wa GMO hukunci a dunƙule, ana duba kowane iri da halinsa.

NA HUƊU: TSORON MUTANENMU YANA DA TUSHE

Kada wani ɗan boko ya raina Baba ya ce jahilci ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu a 2009. Al'ummar da ta ga wannan tana da haƙƙin ta yi tambaya a kan duk abin da aka kawo mata, ko kyauta ne. Majalisar Wakilai ma a watan Mayun 2024 ta nemi a dakata a yi bincike a kan GMO. Tambaya ba laifi ba ce.

Amma mu tuna ɗaya darasin. A 2003 aka baza cewa rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, aka dakatar da shi a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Cutar ta yaɗu har zuwa wasu ƙasashe. Yaran da suka shanye a lokacin yau magidanta ne, muna ganinsu a kan kekunan guragu. Wanda ya fara baza maganar yana ina? Shi ya sa Suratul Hujurati aya ta 6 ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, Annabi (S.A.W) kuma ya nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Danna "tura" a waya faɗa ne. Da Baba ya sare masararsa, alhakin taki huɗun nan da abincin jikokinsa yana wuyan duk wanda ya tura muryar nan bai bincika ba.

Kuma abin mamaki, gubar da muke gani da idonmu ba ta hana mu barci. Wake nawa ake zuba wa fiya-fiya a buhu a kai kasuwa? Saboda wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Yara nawa suke goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci? Wannan cuta ce tabbatacciya, haramcinta ba ya buƙatar dogon bincike.

NA BIYAR: INDA YA KAMATA MU SA IDO DA GASKE

1. Dogaro da wani a kan iri. Cewa irin ba ya tsirowa karo na biyu ba daidai ba ne. An taɓa ƙirƙiro dabarar da ke kashe tsiron iri a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, aka dakatar da ita a 2000, ba ta shiga kasuwa ba. Waken SAMPEA 20-T za ka iya ajiyewa ka sake shukawa. Masarar TELA kuwa haɗin aure ce kamar sauran masarar kamfani da muka saba saye: in ka maimaita za ta tsiro, amma amfani zai ragu, don haka kowace shekara sai ka sayo. Nan ne haɗarin yake. Al'ummar da ba ta riƙe da irinta, wani ne yake riƙe da tukunyarta. Annabi Yusuf (A.S) da ya tsara wa Masar shekarun fari, ajiya ya koya musu. Kada wani gida ya yar da irin dawa da gero da masarar da ya gada.

2. Sabon abu yana iya zuwa da aibin da ba a hango ba. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt a 2008. Tsutsa ta ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa, suka bar ta a 2016. Mu ma an amince da audugar Bt a 2018. Don haka gwaji a ɓangaren gona kafin a cika gona shi ne hankali, kamar yadda ɗan Baba ya yi.

3. Tsutsa tana sabawa. Ya faru a audugar Indiya, ya faru a masarar Afirka ta Kudu. Shi ya sa malaman gona suke cewa a bar wani yanki a shuka irin da ba Bt ba a kusa. Wanda ya ƙi bin wannan yana ɓata maganin ga kowa.

4. Haƙƙin maƙwabci. Masara iska ce take ɗaukar garin furenta zuwa gonar kusa. In maƙwabcinka mai ajiye irinsa ne kuma ba ya son ya gauraya, haƙƙinsa ne. Ka sanar da shi, ku yi shawara, ko a ba da tazara ko a saɓa lokacin shuka. Musulunci ya hana ka cutar, ya hana a cutar da kai.

5. Ha'inci. Annabi (S.A.W) ya taɓa cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya nuna wa mai shi cewa mai algus ba ya cikinmu. Mai sayar da iri wajibi ne ya gaya wa manomi ko GMO ne ko ba shi ba ne. Mai rina hatsin rumbu da jan launi ya ƙulla a leda ya ce irin zamani ne, haram yake ci. Ku nemi leda mai tambarin hukumar iri ta NASC, wadda ake kankarewa a tura lamba. Mai awo da tiya ma, in mai saye ya tambaya, ya faɗi gaskiyar abin da ya sani.

AMSAR DA NA BA BABA

Ranar Juma'a bayan an sauko na ce masa: "Baba, kada ku sare. Masararku halal ce, cinta halal, kuɗinta halal. Idan Allah Ya kai mu kaka ta kai nisabi, wato wusƙi biyar, ku fitar da ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar da ita. Wanda ya yi noman rani da injin ban-ruwa shi ne mai ɗaya cikin ashirin. Sare ta ɓarnar dukiya ce, kuma Allah ba Ya son ɓarna. Baɗi in zuciyarku ba ta kwanta da irin ba, ku bar shi, babu wanda ya wajabta muku. Amma kada ku ce wa wanda ya shuka ya yi haram."

Ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce: "Malam, ka tuna mini. Muna yara masara ta bayan gida ce, a gasa a ci. Da aka zo da ta gona da takin zamani, iyayenmu cewa suka yi za ta kashe ƙasa." Na ce: "Ita kanta masarar ai baƙuwa ce Baba, asalinta daga Meziko." Ya ce to zai je ya sami maƙwabcinsa na gabas su yi magana, don shi mai ajiye iri ne.

NASIHA A TAƘAICE

Ga 'yan'uwana masu hawa mumbari: mu ji tsoron Allah a kan kalmar haram. Mu tambayi masana kafin mu yi fatawa a kan abin da ba fanninmu ba.

Ga masana da hukumomi: ku sauko ku yi wa manoma bayani da Hausa, a kasuwa da rediyo da ƙofar masallaci, ku faɗi amfanin ku faɗi aibin. Ku ci gaba da bibiyar irin bayan an sake shi, ranar da cuta ta tabbata ku janye shi ku faɗa wa mutane. Rayukan jama'a amana ce a wuyanku. Ranar da hakan ta tabbata, hukuncin ma zai canza, domin an gina shi ne a kan rashin cuta.

Ga gwamnati: a ƙarfafa cibiyoyinmu irin su IAR da kuɗin ƙasa, a adana irinmu na gado, don kada abincinmu ya rataya a kan kyautar wani.

Ga mai waya a hannu: kafin ka tura, tambayi kanka, wa ya faɗa, a ina ya sani, kuma zan iya tsayawa a kan wannan gaban Allah?

Abin da na dace a ciki daga Allah ne, kuskuren kuwa daga ni ne da Shaiɗan. Wanda yake da gyara da hujja, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare amfaninmu daga tsutsa da fari da ambaliya, Ya ciyar da mu halal, Ya biya wa manoma bashin da ke kansu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.